Babi na Uku: Wa Ya Kira Ka?

Kafin ladanin unguwarmu ya kira assalatu, Mararaba ta riga ta farka. Duk mai son ya isa wurin aiki a Garki ko Wuse da ƙarfe takwas ya san in ya bari gari ya waye masa a gado, to a cunkoson Nyanya hantsi zai same shi. Saboda haka tun biyar saura za ka ji takun sawu a lungu, da kukan babura, da 'yan kamasho suna jan fasinja. A cikin wannan hayaniya akwai wata murya da ba ta fashi: wani ne, ko wata, da 'yar lasifika a hannu da Littafi Mai Tsarki a hammata, ana bin layi-layi ana kiran mutane su tuba. In ka shiga doguwar mota, da wuya ku wuce Nyanya wani bai miƙe ya ce a rufe ido a yi addu'a ba. Da rana kuwa alluna ne za su yi maka magana. Daga bakin iyakar Abuja har Masaka, ka bi ta Sharp Corner da One Man Village da Ado, ba ka yin tafiyar minti biyu a ƙasa ba ka ga allon coci ba. Wata a saman bene bisa shagon taya, wata a ajin makarantar kuɗi da ake ara ranar Lahadi, wata rumfar kwano ce da benci shida. Allo da yawa ɗauke da hoton mai shi, shi da uwargida, da muƙamin da ya zaɓar wa kansa.

Ka tsayar da ko wanne a cikinsu ka ce, "Bawan Allah, me ya kawo ka cikin wannan aiki?" Amsar ɗaya ce: "An kira ni."

Ni ma amsar da na samu ke nan a falona wata Asabar da yamma, daga bakin ɗan yayata. Yaron ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya shekara uku yana zaga ofisoshin Abuja da takardunsa a jaka, yana kwana a ɗakin baƙina. Ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, ina so ka sani kafin in gaya wa Mama. Ubangiji yana kirana zuwa aikinsa." Allah ya gafarta mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: da ma'aikatar nan ta ɗauke ka watan jiya, da wannan kiran ya same ka kuwa? Ban furta ba. Na ce na ji, ya ba ni lokaci in yi tunani.

Abin da ya sa maganar kira take da wuya shi ne ba ta da shaidu. Aure yana da waliyyai, digiri yana da hatimi, fili yana da takarda (ko da yake a Mararaba fili ɗaya yakan yi takarda uku). Kira kuwa a cikin zuciya yake aukuwa, inda babu mai leƙawa. Wanda ya ji da gaske da wanda ya ji ƙugin yunwar cikinsa, kalma ɗaya suke faɗi, kuma sau da yawa na biyun ma ba ƙarya yake yi da gangan ba, shi ma ya gaskata kansa.

Na koma Littafi Mai Tsarki ina neman ma'auni, sai na tsaya a kan labarin Sama'ila. Yaro ne mai hidima a Shilo a hannun Eli firist, a zamanin da aka ce jin maganar Allah ya yi wuya. Da dare aka kira sunansa, ya tashi ya ruga wurin Eli, tsammaninsa tsohon ne ke nemansa. Sau uku ana haka. A na ukun ne Eli ya gane wanda yake kiran, ya koya wa yaron yadda zai amsa. Tun muna makarantar Lahadi muke jin labarin nan, amma sai da na tsufa na lura da abin da ke cikinsa. Wanda aka kira bai gane muryar ba. Wanda ya gane ta tsoho ne mai dushewar ido, wanda ya kasa tsawata wa 'ya'yansa, wanda kuma saƙon daren nan hukunci ne a kan gidansa. Duk da haka ta hannunsa aka bi. Da babu Eli, da Sama'ila ya kwana yana safa da marwa tsakanin shimfiɗarsa da ƙofar ɗaki.

Wani abin da na lura da shi kuma, yawancin waɗanda aka kira ba da gudu suka zo ba. Musa ya jera uzuri, har da na nauyin baki, ƙarshe ya roƙa a aiki wani. Irmiya ya kawo ƙuruciyarsa. Gidiyon ya nemi alama, aka ba shi, ya sake neman wata. Yunusa shi ko uzuri bai tsaya bayarwa ba, jirgin Tarshish ya hau. Amos, makiyayi daga Tekowa, da Amaziya firist na Betel ya kore shi ya ce ya koma ƙasarsu ya ci abinci da annabcinsa a can, sai ya nuna masa cewa shi da ma yana da sana'arsa ta kiwo da lura da itatuwan ɓaure, daga bayan garke aka ɗauko shi. Ka ga ashe zargin da na yi wa ɗan yayata a zuci tsohon zargi ne, Amaziya ya riga ni.

Bulus ne mutanen allo suka fi son kafa hujja da shi, domin shi haske ya gani, murya ya ji, ba kwamiti ya zauna a kansa ba. Gaskiya ne. Amma a karanta labarin har ƙarshe. Kwana uku ya yi makaho a Dimashƙu sai da Hananiya, wani almajiri da ba a san shi da wani muƙami ba, ya zo ya ɗora masa hannu. Shekaru suka wuce, Barnaba ya bi shi har Tarsus ya kawo shi Antakiya, suka shekara suna koyarwa. Bayan wannan ne ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu, ta sallame su. Kuma ko a bakin aikin, da ɗinkin tanti ya riƙa ciyar da kansa a Koranti. Masanan tauhidi sun daɗe da raba abin biyu. John Calvin, a ƙarni na 16, ya yi maganar kira na ɓoye wanda mai hidima ne kaɗai ya san da shi a gaban Allah, da kira na fili wanda ikkilisiya ke yi bisa tsari. Na farkon babu mai iya bincika shi. Na biyun kowa yana iya gani.

To, yaya abin ya kasance a ƙasar nan tamu? Mararaba a takarda ƙasar Karu ce, jihar Nasarawa, ko da yake cikinta da aljihunta na Abuja ne. In ka miƙe hanyar Keffi ka wuce Masaka za ka ga jami'ar Bingham ta ECWA, wadda aka kafa a 2005. Ɗalibai da yawa suna shiga suna fita ba su san mai sunan ba. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato yankin nan namu: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu babbar ƙungiyar da ta tsaya musu. Mishan da suka tarar a Legas suka gaya musu ƙiri-ƙiri cewa ba za su ga ƙasar da suke nema ba. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas, sauran biyun suka nausa ciki. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, kusa da Zariya, Kent ya mutu a Bida. Babu ikkilisiya ko ɗaya da suka kafa. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda aka sani da SIM, ta samu wurin zama a Patigi.

Da a ce ka tsaya a 1895 ka auna kiran mutanen nan da sakamako, me za ka ce? Kaburbura biyu da majinyaci ɗaya. Duk mai hankali zai ce zafin kai ne na ƙuruciya, su suka kira kansu. Na kawo wannan ne don in ja wa kaina kunne, domin ya rushe ma'aunin da aka fi amfani da shi a Mararaba a yau, wato yawan kujeru da girman mota. Ya kuma ɗan girgiza nawa ma'aunin, wato jin maganar manya, tunda manyan da suka gargaɗe su mutanen kirki ne masu sanin ƙasa, kuma ta fuskar zazzaɓi ba su yi kuskure ba. Wani lokaci Eli ma yakan ce wa yaro ya koma ya kwanta har sau biyu kafin ya farga.

Daga wannan tushe aikin ya iso ƙasar Gbagyi, Karu ta zama ɗaya daga tsofaffin tashoshin SIM, tun Abuja ba ta zo a mafarkin kowa ba. A nan aka haifi Panya Baba a 1932. In ana neman misalin kira a ƙasar Karu, a ganina shi ya kamata a fara ambata. Ya yi karatun Littafi Mai Tsarki, har Kagoro, ya yi aikin fasto, sannan daga 1970 zuwa 1988 ya shugabanci EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, wadda aka fara tun 1948, kafin ita kanta ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. A hannunsa masu bishara suka ƙaru da ɗaruruwa. Daga nan ya zama shugaban ECWA har 1994. Abin lura a aikinsa shi ne inda yake tura mutane. Wanda ya zo ya ce an kira shi, ba a nuna masa birni. Ƙauye ake nuna masa, shi da matarsa, inda babu asibiti, babu makarantar kirki ga 'ya'ya, wani wurin ma sai ya koyi sabon harshe. Ɗan abin da ake ba shi daga baikon ikkilisiyoyi da tarin Zumuntar Mata yake fitowa, ragowar kuwa fartanya ce za ta cike. Irin wannan aiki shi da kansa yake tankaɗe masu shigarsa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, su kuwa tun ranar farko miyar 'yar kaɗan ce.

Wurin ɗaya daga cikin irin waɗannan tsofaffin na kai ɗan yayata. Tsohon, wanda muke ce wa Baba, ya yi ritaya, yana zaune wajen ɗansa a can cikin unguwa, inda ruwan sama ke yanke hanya. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, jikanka ne ya ce an kira shi. Ni kuwa na ce sai ka gaya mana yadda kai ka ji naka."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, ni ban ji komai ba. A ƙauyenmu ni kaɗai na iya karanta Hausa da kyau. Ranar da Malam mai bishara bai zo ba, dattawa suka ce, kai, tashi ka karanta mana. Na karanta. Mako na gaba suka ce ka ɗan bayyana mana abin da ka karanta. Da aka yi shekara biyu suka haɗa dawa da kaji suka ce ka tafi makaranta. Na yi kuka, don ina da gona, ina da budurwa. Shekara arba'in ina jiran ranar da zan ji murya irin ta Sama'ila. Ba ta zo ba. Amma duk lokacin da na yi shirin ajiye aikin, barci ya ƙi."

Sannan ya juya ga yaron. Bai tambaye shi mafarki ko wahayi ba. Ya ce, "Wa kake koyarwa yanzu? Wane majinyaci ka je dubawa a makon nan? In an tura ka inda babu wutar lantarki, za ka je? In aka samu aikin gwamnati gobe fa?" Yaron ya amsa wasu, ya yi shiru a wasu. Baba ya ce ya je wurin fastonsu ya karɓi ajin yara na makarantar Lahadi, ya riƙa bin dattawa ziyarar gidaje, su sake magana bayan shekara biyu. A hanyar komawa yaron bai ce mini uffan ba. Na san ya so a ɗora masa hannu a ranar.

Tsofaffin ikkilisiyoyi duk suna da irin wannan jinkiri, kowace da salonta. A ECWA, da COCIN, da ERCC mai hedikwata a Alushi, da EYN, sai ikkilisiyarka ta shaide ka, ka yi makarantar tauhidi, a Kagoro ko Jos ko Bukuru ko wata, ka yi shekarun gwaji, sannan a naɗa ka, kuma gunduma ce ke cewa ga inda za ka. A Katolika saurayi yakan yi kusan shekara tara yana karatu da horo, kuma ranar naɗin sai bishop ya tambaya a gaban jama'a ko an same shi ya cancanta. Ba na cewa tsarin nan ba ya yoyo. Mun ga wanda ya shiga makarantar tauhidi don jarrabawa ta hana shi jami'a, mun ga ana kamun ƙafa don a samu canji zuwa babbar ikkilisiyar birni, mun ga zaɓen shugabanni da ya fi na 'yan siyasa zafi, har da ƙabilanci. 'Ya'yan Eli ma a cikin haikali suka girma. Amma aƙalla akwai wanda zai iya ce wa fasto a'a, akwai inda gwauruwa za ta kai ƙara.

Wannan ne abin da nake nema in rasa a ƙarƙashin allo da yawa na hanyar Keffi. Garin nan ya cika ne da mutanen da Abuja ta ɗauka aiki amma ta hana su wurin kwana, musamman bayan rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007. Baƙi ne, sun bar dangi da dattawansu a gida, suna fama da kuɗin haya, da rashin aiki, da ciwo, da rashin haihuwa. Mutum a wannan hali yana neman wanda zai kira sunansa ya yi masa addu'a, kuma ba laifi ba ne. Na san ƙananan coci a lungunan nan da fastocinsu ke aikin gini ko koyarwa da rana, su ne masu kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ina cire musu hula. Amma na san kuma wanda ya yi saɓani da shugabansa a kan kuɗin baiko ranar Talata, kafin Lahadi ya samu wahayi ya buɗe tasa. Shi ya kira kansa, shi ya naɗa kansa, shi ke riƙe da asusu, kuma duk wanda ya yi tambaya sai a ce yana taɓa shafaffe na Ubangiji.

Masu wannan hali sukan fake da manyan da suka ji murya. To, a duba Joseph Ayo Babalola. A 1928 direban motar daɓe hanya ne a ƙasar Yarbawa, motar ta tsaya, ya ce ya ji ana kiransa ya bar aikin. Ya bar albashi ne ya shiga wahala, har mutanen garinsu suka ɗauke shi mahaukaci. Kuma bai tsaya shi kaɗai ba, ya je ya haɗu da shugabannin Faith Tabernacle, suka yi masa baftisma, kafin babbar farkawar Ilesa ta 1930. Wanda ya ce murya ta hana shi zama a ƙarƙashin kowa, ba daga Babalola ya koya ba.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tambayarsu labarin kiransu ba. Matar fasto, wadda kowa ke ce wa Mama, ita ke bin canjin wuri da tukwanenta, ita ke dafa wa baƙin ikkilisiya, ita ke jagorar mata, ba albashi, ba naɗi. An kira ta ne, ko aure ne ya kira ta? Na taɓa tambayar wata, ta ce, "Ƙanena, wanda ya kira Baba ya san yana da mata." Na kuma tuna Eunice Elisha, matar fasto a cocin Redeemed, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta saba fita wa'azin asuba a Kubwa. Ranar 9 ga Yuli 2016 aka kashe ta a kan wannan aiki. Tun daga ranar na daina jin haushin masu lasifikar da ke tashina daga barci. A watan Janairu na 2020 kaɗai, 'yan Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika, masu garkuwa kuma suka sace Michael Nnadi daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd a Kaduna suka kashe shi, yana ɗan shekara 18. A arewa wanda ya ce an kira shi ya san wannan ma yana cikin lissafi, uwarsa ta fi shi sani.

Shi ya sa yayata ta yi kuka da ta ji. Ta ce ita ba ta sayar da awakinta ta biya kuɗin jami'a don a kai mata ɗa daji ba. Na lallashe ta da cewa shekara biyu aka ba shi, kafin nan zai huce. A cikin shekara biyun nan aka ɗauke shi aiki a wani kamfani a Abuja, na ce a raina shi ke nan, magana ta ƙare. Ya karɓi aikin, ya shiga sahun masu fita biyar saura, amma bai saki ajin yaran ba, bai daina bin dattawa ziyara ba. Da wa'adin ya cika ya koma wurin Baba shi kaɗai, ban san abin da suka tattauna ba. Bayan wata uku dattawan ikkilisiyarmu suka rubuta masa takardar shaida, ya ajiye aiki, ya tafi makarantar tauhidi.

Ko an kira shi? Ni dai ban ji muryar ba, kuma shi ma da na matsa masa ya ce ba murya ba ce irin ta kunne. Abin da na gani da idona shi ne mutanen da suka zauna da shi shekara biyu sun sa hannu, kuma inda aka tura shi ya je. Yanzu yana wani ƙauye bayan Keffi, inda mota ba ta shiga da damina. Yana noma doya da riɗi a bayan majami'a, bara ya aiko mini da doya goma a motar kasuwa. Uwarsa har yanzu takan bugo mini waya ta tambaya ko an fara ɗaukar ma'aikata a Abuja.